Garmar da Ke Sauka da Kanta

A ƙasar Bagudo, daga Matsinkai zuwa Illo da Lolo, har kasuwar Tsamiya da ke fuskantar Segbana ta Jamhuriyar Benin, ba baƙon abu ba ne a ga tarakta tana jan tirela shaƙe da buhunan shinkafa, inji na ruri lafiya ƙalau, amma hannuwan ƙarfe biyu da ke bayanta an ɗaure su da sarƙa don kada su ja ƙasa. Mai wucewa zai ce wannan tarakta tana aiki. Manomin fadama ya san ta daɗe da barin aikin da aka sayo ta dominsa. Abin da ya rage amalanke ce mai shan dizal. Huɗa ba ta yiwuwa sai hannuwan nan sun ɗaga garma, sun sauke ta, sun kuma riƙe ta a zurfin da ake so daga farkon kunya zuwa ƙarshenta.

Sau da yawa abin da ke kai tarakta ga wannan hali yoyon mai ne, irin wanda ba a ganin digonsa a ƙasa. Man yana sulalewa a can cikin tarakta, ya bi gefen wani bawul da bai wuce yatsa kauri ba, ya koma inda ya fito. Ba ya raguwa a ma'auni, ba ya ɓata rigar direba, amma ƙarfin ɗagawa yana tafiya tare da shi. Tarihin noman inji a Arewa an saba ba da shi da lissafin taraktocin da gwamnatoci suka sayo da ranakun da aka ƙaddamar da su. Akwai wani tarihin a ƙarƙashin wannan, kuma shi ya fi bayyana dalilin da ya sa harabar ma'aikatun gona ke cike da gawarwakin ƙarfe.

Asalin maganar ya girmi tarakta da nisa. Blaise Pascal na Faransa ya bayyana cewa idan aka matsa ruwa a cikin rufaffen mazubi, matsin yana yaɗuwa daidai zuwa ko'ina, don haka ƙaramin fistin zai iya tura babba, hannun mutum ɗaya ya ɗaga abin da mutum ɗari za su kasa. An buga littafinsa a kan haka a 1663, bayan rasuwarsa. Sai dai an yi fiye da shekara 130 ba wanda ya ci moriyar wannan sani a masana'anta, kuma dalilin ɗaya ne: ruwan da aka matsa yakan nemi kafa ya fita. Da Joseph Bramah, maƙerin kwaɗo a Landan, ya yi rajistar injin matsi mai aiki da ruwa a 1795, wannan ce matsalar da ta tsaya masa a wuya. In an ɗaure bakin silinda tamau, fistin ya ƙi motsi. In an sassauta, ruwa ya tsartu. Maganin da aka samu a shagonsa, wanda galibi ake jingina wa ma'aikacinsa Henry Maudslay, fata ce. Aka lanƙwasa zoben fata ya zama kamar kwari, bakinsa na fuskantar ruwan, ta yadda gwargwadon ƙaruwar matsi gwargwadon yadda fatar ke buɗewa ta manne wa ƙarfe. Duk wanda ya taɓa ganin sabuwar salka tana tsiyaya, sannan ta jiƙa ta kumbura ta kama kanta, ya san rabin wannan hikima.

Zoben roba mai zagaye da bakanike ke nema a yau ya zo daga baya. Niels Christensen, ɗan asalin Denmak mazaunin Amurka, shi aka ba rajistarsa a 1939, kuma Yaƙin Duniya na Biyu ya yaɗa shi a jiragen sama. Abu ne da kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, amma irinsa ne ya gaza ranar 28 ga Janairun 1986, kumbon Challenger ya tarwatse da mutum bakwai a ciki.

Wanda ya shigo da wannan fasaha gona shi ne Harry Ferguson, ɗan manomi daga arewacin Ailan, haifaffen 1884. Taraktocin zamaninsa jan garma suke yi da sarƙa, kamar yadda shanu ke yi. Idan garma ta kama dutse ko saiwa, tayoyin baya suka ci gaba da juyawa, sai gaban tarakta ya tashi sama ta kife a kan direba, kuma an yi asarar rayuka da yawa ta haka. Ferguson ya ɗaure garma a jikin tarakta ta wurare uku: hannuwa biyu a ƙasa, ɗaya a sama. Hannun sama ba riƙo kawai yake yi ba, yana ji. Idan ƙasa ta yi tauri, garma takan tura shi, shi kuma ya danne wani sifirin, sifirin ya motsa bawul, bawul ya ba mai hanya, garma ta ɗan ɗago har jan ya yi sauƙi, sannan ta koma. Nauyin da aka ɗago kuwa yana komawa kan tayoyin baya ya ƙara musu kamun ƙasa. Da haka ƙaramar tarakta mara nauyi ta iya aikin babba.

Ya sami rajistar wannan tsari a 1926, ya ƙera samfurin farko, baƙar tarakta, a 1933, ya haɗa kai da kamfanin David Brown a 1936. A 1938 ya gwada wa Henry Ford ita a Dearborn, suka yi yarjejeniya da musafaha ba takarda, abin da ya haifar da Ford 9N a 1939, daga baya kuma ya haifar da shari'ar da aka sasanta a 1952 da biyan Ferguson dala miliyan 9.25. Daga 1946 zuwa 1956 masana'antar Coventry ta fitar da fiye da rabin miliyan na ƙaramar taraktarsa mai ruwan toka, TE20. A 1953 kamfaninsa ya haɗe da Massey-Harris na Kanada, kuma daga nan ne sunan Massey Ferguson ya fito. Jar taraktar nan MF 375 da ta cika Arewa, wadda da yawanta ƙirar kamfanin Millat ne na Lahore a Pakistan, jikar waccan ce, kuma tsarin ɗagawarta bai yi nisa da na kakarta ba.

Abin lura shi ne Ferguson bai taɓa cewa tarakta yake sayarwa ba. Tsari yake cewa. Tarakta, da garmar da aka auna mata, da dillali mai kayan gyara, da horo ga direba da bakanike, har da makarantar koyar da su a Stoneleigh kusa da Coventry. Mafi yawan abin da ya iso Arewa kashi na farko ne kawai.

Noman inji ya shigo ƙasar Sakkwato ta fadama. A ƙarshen shekarun 1940 gwamnatin mulkin mallaka ta fara shirin noman shinkafa da inji a kwarin gulbin Sakkwato da Rima, inda manyan taraktoci masu tafiya a kan sarƙa ke huɗe fadama manomi ya biya kuɗin aiki. Shirin bai yi tsawon rai ba. A daidai lokacin aka buɗe wani a Mokwa a 1949, aka rufe shi a 1954, kuma K. D. S. Baldwin ya rubuta littafi guda a kan faɗuwarsa a 1957: inji na iya huɗe fili mai faɗi, amma ciyawa da hannu ake cire ta, hannuwan kuwa ba su ƙaru ba. Babban shirin gyaɗa na Tanganyika ya rushe a 1951. Garmar shanu, wadda aka fara yaɗawa a Arewa tun ƙarshen shekarun 1920, ita ta zauna da gindinta, domin maƙerin ƙauye yana iya gyara ta, saniya kuma ba ta jiran kayan gyara daga Ingila.

Kuɗin man fetur ya dawo da tarakta da ƙarfi. Aka kafa shirye-shiryen raya noma na Funtuwa da Gusau da Gombe da tallafin Bankin Duniya a tsakiyar shekarun 1970, aka yi shirin ciyar da ƙasa na 1976, aka yi juyin noma na gwamnatin Shehu Shagari a 1980. Jihohi suka buɗe sassan hayar tarakta. Aka kafa masana'antar Steyr a Bauchi da ta Fiat a Kano don haɗa manyan motoci da taraktoci. Kowace gwamnati da irin taraktar da ta fi so, kowace iri da nata bawul, da nata zoben roba, da nata man. Da Naira ta faɗi bayan 1986, kayan gyara suka yi tsada, masana'antun suka durƙushe, sai ma'aikatu suka koma cire sassan wata tarakta don tayar da wata. Lokacin da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi a 1991, irin wannan gadon ne ke jiran sababbin jihohi.

Me ya sa sashen ɗagawa ke riga inji mutuwa? Amsar tana cikin yadda aka gina shi. A taraktocin zuriyar Ferguson, famfon yana zaune ne a ƙasan akwatin giya, nutse cikin man da giya da gatarin baya ke wanka a ciki. Mai ɗaya ne ga kowa. Duk ɓarɓashin ƙarfen da haƙoran giya suka zubar, famfo zai iya zuƙarsa. Famfon yana tura mai ta wani bututu a tsaye zuwa silindar da ke ƙarƙashin kujerar direba, fistin ya tura hannuwa, garma ta tashi. Bawul ɗin sarrafawa, wanda libar hannun direba da sifirin ɗin hannun sama ke motsawa, matsayi uku gare shi: ya bar famfo ya sha mai, garma ta hau, ya toshe shiga da fita, garma ta tsaya, ya buɗe mafita, garma ta sauka. Akwai kuma bawul na biyu, na kariya, wanda ke buɗewa idan matsi ya wuce iyaka, kuma iyakar ba ƙarama ba ce: daga kilo 140 zuwa sama da 200 a kan kowane murabba'in santimita, gwargwadon samfuri.

Bawul ɗin sarrafawa ba shi da roba a inda yake rufewa. Ƙarfe ne ke zamewa cikin ƙarfe, kuma ratar da ke tsakaninsu 'yan maikiron ce, alhali kaurin gashin mutum ya kai kusan maikiron 70. Abokin gābar irin wannan rata kuwa yana zuwa kowace shekara. Ƙurar hunturu, wadda babban masominta kwarin Bodele ne a arewacin Chadi, busasshen gindin wani tsohon tafki, ƙwayoyinta ƙanana ne daidai shiga wannan wuri, kuma akwai yashi a cikinsu mai iya karce ƙarfe. Tana shiga ta yagaggiyar robar sandar giya, ta bakin jarkar da aka bari a buɗe, ta mazurarin da aka ajiye a ƙasa, ta tsumman da aka goge ma'aunin mai da shi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, amma a nan ƙadangaren ne ke faɗaɗa tsagar: kowace ƙwayar ƙura da ta ratsa tana barin zane, kowane zane kuma hanya ce ga mai.

Fadama tana ƙara nata. Taraktar da ke aiki cikin taɓo, ko ta kwana a fili cikin damina, ruwa na shiga manta, ya mai da shi fari-fari kamar kunu, ya sa tsatsa a fuskar bawul. Sannan ga zafin bazara a kwarin Neja. Mai idan ya yi zafi yakan tsinke, abin da ya riƙe da safe ya sake shi da rana. Shi ya sa direba zai rantse cewa tarakta lafiya ta tashi da asuba, amma kafin azahar ta kasa ɗaga haro.

Gwanin bakanike ba ya fara da sukuddireba. Yana fara da tambaya da kallo. Zai ɗaura garma mai nauyi, ya bari mai ya yi zafi, ya ɗaga ta sama, ya tsaya yana duba. Idan garma tana ɗan sauka sannan ta zabura ta koma, tana maimaitawa kamar mai shaƙuwa, to akwai yoyo, famfo ne ke ta cike giɓin. Sai ya kashe inji. Garmar da ta daɗe a sama tana shaidar lafiya. Wadda ta kai ƙasa kafin a gama gaisuwa ta faɗi girman ciwon, ko da ba ta faɗi wurinsa ba.

Wurin kuwa ana ganinsa da ido, kuma wannan na cikin alherin tsohuwar ƙirar. A gefen akwatin giya akwai murfi. Ana rage mai zuwa ƙasa da bakinsa, a buɗe, a tayar da inji da garma a sama, a haska tocila, hannu kuma ba ya shiga ciki muddin inji na juyawa. Idan mai na zubowa daga sama kamar ruwan indararo, to zoben fistin ya ci, ko silinda ta karce ko ta tsage. Idan yana gangarowa ta jikin bututun tsaye, zoben robar da ke bakinsa ne, kuma wannan shi ne gyara mafi araha. Idan sama a bushe take amma man da ke ƙasa yana motsi yana tafasa a kusa da famfo, to ɗaya daga cikin bawul biyun ne: ko na kariya ya kasa zama a mazauninsa saboda datti ko gajiyar sifirin, ko na sarrafawa ya zaizaye. Ma'aunin matsi da aka ɗaura a mafitar mai shi ke raba gardama, domin yana nuna ko famfo na kai matsin da aka ƙayyade masa. Ma'aunin ba shi da tsada idan aka kwatanta da famfo, amma gareji nawa ne ke da shi? Inda babu shi, sai a koma canke: a sauya famfo, ciwo na nan, a sauya fistin, ciwo na nan, mai tarakta ya gaji da biya.

Daga nan ne dabarun ɓoye ciwo ke farawa, kuma ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Wani zai zuba mai mai kauri, yoyo ya ragu na 'yan makonni, famfo kuma ya riƙa wahalar zuƙa da sanyin safiya har ya lalace. Wani zai cusa wasa a bayan sifirin ɗin bawul na kariya don ya ƙara ƙarfi. Ranar da garma ta kama kututture, matsin da ya rasa mafita zai fasa silinda ko murfin da ke riƙe da ita. Wani zai shafa gam mai yawa a maimakon gaskit, guntayen gam su ɓalle su toshe bawul. Wani kuma zai goge bawul da takarda mai yashi don ya yi sheƙi, ya ƙara faɗin ratar da ake kuka da ita. Ba rashin basira ke kawo wannan ba. Bakaniken ƙauye yana aiki ne ba littafin kamfani, ba ma'auni, a ƙarƙashin bishiya cikin iska mai ƙura, ga manomi tsaye a kansa yana duban gabas. Mamakin ma shi ne yawan taraktocin da yake iya tayarwa.

Akwai haɗari a cikin aikin da ba a cika faɗa ba. Abin da mai kaɗai ke riƙe da shi a sama, garma ce ko bodin tifa, ba a shiga ƙarƙashinsa sai an tokare shi da katako ko ƙarfe, domin bawul mai yoyo ba ya sallama kafin ya saki. Tiyo mai ɗan huji kamar na allura kuma yana fesa mai da ƙarfin da zai huda fata ya shige nama. Ciwon yakan yi kama da cizon ƙwaro a ranar farko, amma yana iya kai ga yanke yatsa ko hannu idan ba a yi tiyata da wuri ba. Da kwali ake neman irin wannan huji, ba da tafin hannu ba.

Shekarun baya-bayan nan sun ɗaga darajar wannan ɗan bawul a Kebbi fiye da kowane lokaci. Ranar 17 ga Nuwamban 2015 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin Babban Bankin Nijeriya na ba manoma rance a Birnin Kebbi, shinkafa kuma ita ce kan gaba. A ƙarshen 2016 aka fitar da shinkafar haɗin gwiwar Kebbi da Legas. A watan Agustan 2019 aka rufe iyakokin ƙasa na tudu, farashin shinkafar gida ya tashi, filayen da aka daɗe da bari suka koma gona. Amma garuruwan bakin iyaka sun sha wannan mataki ta fuska biyu: a watan Nuwamba na shekarar aka hana kai man fetur gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, hanyar kayan Kwatano, wadda ta daɗe tana ciyar da garejin yankin da tsofaffin sassa, ita ma ta ƙuntata. Iri da taki da famfon ban-ruwa sun shiga lissafin rance. Tsabtataccen man giya, da matata, da zoben roba na ainihi, da horon bakanike ba abubuwa ba ne da ake yanka kyalle a kansu.

A fadamar Neja lokaci ba ya jira. Tsakanin saukar ruwan farko da cikowar kogi akwai 'yan makonni da dole a gyara ƙasa a shuka, don shinkafa ta yi tsayin da za ta tsere wa ruwa. Taraktar haya guda tana da jerin gonaki masu jiranta. Idan garmarta ta fara sauka da kanta a tsakiyar jerin, kwana goma na neman bawul a Birnin Kebbi ko Sakkwato ko Kano na iya zama bambanci tsakanin girbi da asara ga waɗanda ke ƙarshen layi. Mai tarakta ma yana da nasa lissafin: jigilar buhuna da yashi da itace tana kawo kuɗi duk shekara, kuma ba ta buƙatar hannuwan baya. Sai ya sayi sarƙa.

Manoman da suka gaji da jira wasu sun koma ga shanu, kamar maƙwabtansu masu noman auduga a wajen Kandi da Banikoara a tsallaken iyaka. Wasu kuma sun sayi ƙaramin injin huɗa mai taya biyu, ƙirar Sin ko Indiya, wanda ake bi a baya da ƙafa. Ba shi da famfo, ba shi da silinda, ba shi da bawul ɗin ɗagawa. Idan aka kai ƙarshen gona, mutum ne ke ɗaga shi da damtsensa ya juya.